Ranar da Na Hana Gado Tuwon Uwarsa

Shekaranjiya da la'asar ina zaune a bakin filin wasa, wani saurayi daga cikinku ya nuna mini salularsa. Ya ce ita ke auna masa nisan da ya yi da saurin da ya yi, har bugun zuciyarsa tana ji, don haka bai ga abin da mai horo zai ƙara masa ba. Abokinsa ya ce ai aikin namu bai wuce a busa usur a ce wa mutane su ruga ba. Ban ba su amsa a wurin ba. Ni ban iya amsa da sauri, sai na koma gida na juya magana, na sake juya ta. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Karatuna bai wuce ƙaramar lakwal ba, wato firamare, in kun ga kuskuren rubutu ku gyara. Amma abin da na faɗa haka ya faru, inda na manta kuma zan ce na manta.

Sunana Mamman, amma a garinmu Gaya ta bakin kogi Mamman Ƙwarya aka fi sani. Sana'ata horar da masu gudu, kuma a hannun Baba Kailu na koye ta. Tsohon soja ne tun na zamanin mulkin Nasara, ya dawo gida da ɗingishi a ƙafar hagu. Shi kansa ba ya iya gudu, amma daga nesa yake ganin aibin gudun mutum.

Aikin farko da ya ba ni, ya cika ƙwarya da ruwan kogi har baki, ya ɗora mini a tafin hannu biyu, ya nuna mini wata giginya can gaba. Ya ce in je da gudu in dawo. Na dawo rigata sharkaf, ƙwarya kusan wayam. Ya tsoma yatsa ya auna abin da ya rage, ya ce, “Kai ba gaba kake yi ba, sama kake yi. Kafaɗarka na rawa kamar ta mai kiɗan biki. Koma.” Na koma. Damina ta wuce, rani ya shiga, ina kai ƙwarya giginya ina dawo da ita. Ranar da yatsansa ya jiƙe har gaɓa ta biyu bai yaba mini ba, cewa ya yi gobe in zo da wuri in fara duba ƙafafun yara.

Kayan aikin da ya bar mini ba su cika jakar fata ɗaya ba. Akwai waccan ƙwarya. Akwai wata ƴar ƙarama mai huji a gindi, wadda ake ɗorawa a kan ruwan bokiti, tana sha a hankali har ta nutse. Ita ce agogonmu. Wanda ya dawo kafin ta nutse ya ci gaba, wanda ya tarar ta kwanta a ƙasan bokiti yana da sauran aiki. Ita ta fi ba ni wahala, domin huji yana faɗi in ƙwarya ta tsufa, sai ta riƙa nutsewa da wuri, ka zargi yaro da lalaci alhali laifin ƙwarya ne. Saboda haka kullum ina ajiye wata sabuwa da ba na aiki da ita, lokaci-lokaci in ɗora su tare in gani ko har yanzu bakinsu ɗaya. Sai zare mai kauri. Kowane mai gudu yana da nasa. Ran Juma'a da safe in zagaya masa cinya da shi, in ƙulla inda ya haɗu. Usur shi ne na ƙarshe, kuma sai in yi mako ban busa shi ba.

Akwai kuma awon da ba ya shiga jaka, wato gaisuwa. Ina gudu a gefen mutum sai in ce, “Ina kwana?” Ya amsa. “Ina gajiya? Ina gida? Ina su Inna?” In ya amsa duka da cikakken baki, to gudun ya yi daidai da ƙirjinsa. In ya fara yanke “lafiya lau” gida biyu, ya wuce ƙarfinsa, sai in sa shi ya rage. Mutanen da ke wanki a bakin kogi sun daɗe suna yi mana dariya, wai ga mahaukatan da ba su gama gaisawa.

Masu zuwa wurina iri-iri ne. Ƴan kokawa suna zuwa neman numfashi kafin a buɗe fage. Ƴan lakwal suna zuwa in jarrabawar motsa jiki ta matso. Na taɓa samun wani babban ɗan kasuwa mai kai kaya Malanville can tsallaken kogi, likita ya ce masa ya rage teɓa, ya zo da takalmi sabo fil, ya ce a yi masa horon a bayan gari inda surukansa ba za su gani ba. Amma mafi yawa samarin ƙauye ne masu son shiga soja. Lokacin mulki yana hannun soja, kaki yana da daraja, kuma duk sanda aka zo ɗaukar sababbi, gudu ne matakin farko. Ba a tambayar ɗan wa kake sai ka dawo cikin na gaba.

Muguwar shekarar ita ce wadda damina ta ƙi, aka kuma rufe iyakar Najeriya. Kogi ya ja baya har yara na tsallaka wasu rassansa da ƙafa. Mutanen arewa suka gangaro da abin da ya rage na dabbobinsu. Gero ya tsaya a gwiwa ya bushe. Abin da ake ci jar dawa ce ta taimako, ita ma ba kullum ba. A irin wannan shekara horo yana komawa wani abu dabam, domin gudu cin abinci yake yi, kuma jikin da ba a ba shi ba, kansa yake ci.

A shekarar ne Gado ya zo mini. Mutumin Tanda ne, dogo, yana dako a bakin gadar da ake tsallakawa Malanville. Ubansa ya rasu, ya bar uwarsa Inna Fati da ƙannensa mata. Bara ya gwada gudun soja, ya fita kamar an harbo shi, kafin rabin hanya ya zube. Bana ita ce ta ƙarshe gare shi, domin baɗi shekarunsa sun wuce abin da ake ɗauka. Gonarsu ba ta ba da ko dami ɗaya ba, dako kuma ya mutu tunda kaya ba su wucewa. In ya shiga, gidan ya samu mai ciyarwa. In bai shiga ba, ban san abin da za su yi ba, shi ma bai sani ba.

Na ɗora masa ƙwarya. Makonnin farko ya yi ta zubarwa, daga baya kafaɗarsa ta kwanta. Ya koyi fita a hankali, ya bar masu gaggawa su wuce. Ƴar ƙwarya mai huji ta fara ba shi gaskiya. Amma zare ya ƙi. Kowace Juma'a ƙullin sai ya matso ciki. Na auna, na kwance, na sake aunawa ko hannuna ne ya matse, na tarar haka ne. Cinyarsa na narkewa.

Na ce masa daga yau kwana ɗaya gudu, kwana biyu hutu.

Ya ce, “Maigida, ni gudu na zo koyo, ba zaman inuwa ba. In zama ne, akwai inuwa a Tanda.”

Na nuna masa zaren. Na ce, “Dubi nan inda ka fara, dubi inda kake. In muka ci gaba haka, ranar gudu ƙasusuwa za mu kai musu.”

Ya ce, “Sauran suna can suna yi safe da yamma.”

Na ce, “Na gan su. Bar su.”

Bai ji daɗi ba, amma ya bi. Ranakun hutu har ɗakin da yake kwana nake zuwa in duba tafin ƙafarsa, ko da sabuwar ƙura a tsakanin yatsu. Ya kan ce, “Maigida, ko matar aure ba a tsare ta haka.” Ƙullin ya tsaya wuri ɗaya. Bai ƙaru ba, amma ya daina matsowa.

Wata safiya ya zo fili fuskarsa na sheƙi. Ashe wani mai hali ya yi sadakar shinkafa a ƙofar masallaci, Gado ya samu ya ci ya ƙoshi, karo na farko cikin watanni. Ya ce yau ƙwarya za ta ji kunya. Na so in hana shi, na kuma ce bari in gani da idona. Bai kai giginya ba ya dafe ciki ya durƙusa, duk abin da ya ci ya dawo ƙasa. Ya jima a kwance gefensa na murɗawa. Cikin da ya saba da kaɗan ba ya ɗaukar da yawa, balle a girgiza shi. Tun ranar muka yi magana ɗaya: safiyar gudu, kunu mai ruwa rabin ludayi bayan sallar asuba, shi ke nan, sai an gama.

Ranar ta zo. Sojoji suka iso da kamyo, babbar motar kaya, suka tsayar da ita a bakin fili. Wani sarjan ya bayyana yadda za a yi: a bi jar hanya har wata alama da suka kafa can bayan gari, a dawo. Sun ja igiya a bakin fili. In adadin da suke so ya cika za a ɗaga igiyar, wanda ya zo bayan nan ya koma gida. Samari sun cika wurin, daga Yelu, daga Tanda, daga ƙauyukan bakin kogi, ga iyaye da ƴan kallo. Ina durƙushe ina duba faratan ƙafar Gado, karo na biyu ko na uku, sai na ji ya miƙe tsaye.

Wata mata ce ta ratso taron da akushi a ka, an ɗaure shi da tsumma. Ƙafafunta fari fat da ƙurar hanya. Tun daga Tanda ta tako. Ba ta dubi kowa ba, ta sauke akushin a gaban Gado, ta kwance, ta ɗaga faifan da ta rufe da shi. Tuwon shinkafa ne, da miyar busasshen kifi, man shanu na yawo a kai. Ƙanshin ya tashi, hayaniyar da ke kusa da mu ta mutu. Yara suka matso suka tsaya.

Ku yaran yanzu sai ku ce ai sai ya ce mata ya ƙoshi. Ba haka ake yi ba. A wurinmu ɗa ba ya barin gida zuwa doguwar tafiya bai ci daga hannun uwarsa ba, kuma ba ya ture akushinta, balle a gaban jama'a.

Ta ce, “Gado, zauna ka ci.”

Ya tsuguna. Ta zuba masa ruwa daga ƴar butarta ya wanke hannu. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kai ƙasa. Na san zai ci. Zai ci har ya side, yana sane da abin da zai biyo baya.

Na sa hannu na mayar da faifan, na ɗauke akushin.

Na ce, “Inna, ki ba ni ajiya. In ya dawo ya ci.”

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, “Kai ne wa?”

“Ni ne mai horar da shi.”

“Au, kai ne. Kai ne ka mayar mini da shi kamar karan dawa. Ajiye masa abincinsa.”

“Inna, in ya ci yanzu ba zai kai ko'ina ba. Na gani da idona. A hanya zai zubar da shi.”

Ta ce, “Ka san mene ne wannan? Irin da zan shuka ne. Shi kaɗai ya rage a tukunya, na cashe shi. Ƙannensa suna kallo na dafa, ban ba su ko loma ba. Kai kuma ka zo ka ce ajiya?”

Wani daga cikin taron ya ce, “Mamman Ƙwarya ya koma Mamman Akushi!” Aka yi ƴar dariya. Wani ya ce, “Ku bar shi, da yaron ya juya baya zai buɗe.” Wani dattijo mai sanda ya matso ya ce, “Kai, ɗan nan, ka ji tsoron Allah. A wannan shekara za ka shiga tsakanin uwa da ɗanta a kan abinci?”

Na ce, “Baba, tsoron Allah nake ji.” Na rungume akushin a ƙirji.

Gado bai ce uffan ba, kuma haka na so. In ya buɗe baki, ko dai ya saɓa wa uwarsa ko ya saɓa mini. Gara laifin ya tsaya a kaina. Sarjan ya busa usur a jeru. Gado ya miƙe da jiƙaƙƙen hannu, ya shafa a wando, ya shiga layi.

Inna Fati ta ce, a hankali yadda ni kaɗai na ji, “In ya tafi bai ci ba, ni da kai har gaban Allah.”

Aka sake su. Ƙura ta tashi ta rufe su. Na tsaya da akushi a hannu, ban ajiye ba, ban zauna ba. Amana ce, ga yara, ga ƙuda. Ita kuma ta koma gindin wata bishiyar dogon yaro ta zauna, ta juya mini baya.

Da suka fara dawowa Gado ba ya cikin na farko. Ba ya cikin na biye da su. Na fara lissafin abin da na rage masa na horo, ko na rage da yawa. Can sai na hango shi. Ba fuskarsa na gane ba, kafaɗarsa na gane, a kwance kamar yana ɗauke da ruwa. A gabansa akwai samari da suka fita da wuta, yanzu suna jan ƙafa, kai na lilo. Ya wuce su ɗaya bayan ɗaya, bai ƙara sauri ba, bai rage ba. Wani ya faɗi a gefensa, bai waiwaya ba. Ya tsallake igiya. Mutum ɗaya ko biyu suka biyo shi, na manta, sai aka ɗaga ta.

A shekarun baya akan bar waɗanda aka ɗauka su huta a inuwa, su yi sallama da nasu. A kan haka na dogara. Bana ba a yi haka ba. Ko don taron ya yi yawa ne, ko don waɗanda aka bari sun fara hayaniya, ban sani ba. Kai tsaye aka tura su cikin kamyo, aka ɗaga ƙofar baya. Kafin in ratsa mutane ta tashi, ta nufi hanyar Doso.

Inna Fati ta miƙe tsaye. Ba ta yi kuka ba, ba ta kira sunansa ba. Ni ta duba.

Duk wanda ya san Gaya ya san hanyar Doso sai ta hau tudu a mafitar gari, kuma babbar mota mai kaya rarrafe take yi a wurin. Hanyar mota tana zagayawa. Ta cikin unguwa ta fi kusa. Na danne faifan da manyan yatsuna biyu, na riƙe akushin a gabana yadda Baba Kailu ya koya mini, na fita. Na bi lungun masu kifi, na bi bayan masallaci, na ratsa wani fili da ake ɗaure jakuna. Na daɗe ban yi irin wannan gudu ba, ni ma kuma jar dawar nake sha kamar kowa. Da wani ya gaishe ni a lokacin ba zan iya amsawa ba. Abin da nake faɗa wa kaina kawai, kafaɗa, kafaɗa.

Na fito kan hanya kamyo tana tsakiyar hawa, tana hayaƙi. Na bi ta. Sojan da ke zaune a bakin ƙofar baya ya daka mini tsawa, “Kai! Ina za ka?”

Na ce, “Tuwon uwarsa ne!”

Ya dubi akushin, ya dube ni. Sai ya janye gwiwarsa gefe. Gado ya kutso ta tsakanin mutane, ya kwanta a kan ƙofar, ya miƙo hannu biyu. Na ɗaga, ya karɓa.

Na ce, “Kada ka ci yanzu! Sai numfashi ya kwanta! Kaɗan-kaɗan!”

Ban san ko ya ji ba. Kamyo ta kai kan tudu, ta sauya murya, ta tafi.

Gado ya yi aikinsa har ya ajiye kaki, ya aurar da ƙannensa duka. Zarensa yana nan cikin jakata. Wanda ya nuna mini salula, in ya zo zan nuna masa, ya ga ƙulle-ƙullen yadda suka yi ta matsowa, da inda suka tsaya. Ban ce salularka ƙarya take yi ba. Ta fi ƙwaryata iya awo, hujinta kuma ba ya faɗi. Amma awo somin aikin ne. Bayan ka auna, akwai ranar da za ka hana mai son gudu gudu, akwai ranar da za ka ɗauke abinci daga gaban mayunwaci mutane suna kallonka, kuma ba ka da tabbacin kana da gaskiya sai an ɗaga igiya.

Na gangaro daga tudun da tafiya. Kafin in kai fili taron ya watse. Ita kaɗai ce a gindin dogon yaro, tsumman da ta ɗaure akushin na kan cinyarta. Na tsuguna nesa kaɗan.

Ta ce, “Ka same su?”

“Na same su, Inna.”

“Ya karɓa?”

“Ya karɓa, da hannunsa.”

Can ta ce, “Miyar ta zube?”

Na so in ce ba ta zube ba. Na duba hannuna, sai na ga wajen da na danne faifai miya ta ɗan tsattsafo, ta ɓata mini babban yatsan dama. Na miƙa mata ta gani. Na ce, “Iyakar abin da ya fita ke nan.”

Ta daɗe tana kallon yatsan. Sannan ta naɗe tsummanta, ta ɗauki butarta, ta miƙe.

Ta ce, “Lashe, kada ta bushe.”

Na lashe. Ta kama hanyar Tanda.